RUWAN SAMA: YADDA ZA KU TARA SHI A GIDA DA GONA

Jama'ar ƙasar Tambuwal da ta Kebbe, wannan ɗan littafi naku ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Mai gida ya tara iyalinsa su ji, domin aikin da ke ciki na kowa ne, maza da mata da yara.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne. Na daɗe ina lura da abu guda: kowace shekara, daga Maris zuwa Yuli, yaran da a ke kawo mana da ciwon ciki da gudawa su kan ƙaru. In na tambayi uwar yaro inda su ke ɗebo ruwan sha, amsar ba ta wuce biyu: ko famfo ya ɗauke, ko rijiya ta ƙafe, sun koma tabki.

Wata rana da farkon damina wani magidanci ya kawo ɗansa, idanun yaron sun faɗa, jikinsa ya saki. Muka ba shi ruwan gishiri da sukari, Allah ya sa ya tashi. Da na je gidan duba shi, sai na tarar da ɗaki biyu na sabon kwano, ruwan daren jiya ya zuba daga kansu ya cika tsakar gida, amma randar gidan cike ta ke da jan ruwan kududdufi. Ruwa mai kyau ya sauka a kan ɗakinsa, ya bar shi ya tafi, sa'an nan ya aiki yara su ɗebo masa cuta daga bayan gari. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Shi ya sa aka rubuta wannan darasi.

ME YA SA FAMFO KE ƊAUKEWA?

Ruwan famfo ba ya zuwa da kansa. Sai inji ya jawo shi daga ƙasa ko daga gulbi, ya tura shi cikin babban tanki, kana ya bi bututu ya iso unguwa. Inji yana bukatar wutar lantarki, ko mai, ko hasken rana. In wuta ta ɗauke, ruwa ya ɗauke. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin tada inji ya ƙaru ƙwarai. Bututu ya kan tsufa ya fashe. Mutane kuma sun yi yawa fiye da lokacin da aka shimfiɗa shi.

Ko manyan birane ba su tsira ba. A bazarar 2018 ruwan madatsar Goronyo, wadda Birnin Sakkwato ke dogara da ita, ya ja baya har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Hukuma tana gyara, tana kuma haƙa rijiyoyin burtsatse, amma gyara ya kan ɗauki kwanaki, ƙishirwa kuwa ba ta jira. Saboda haka mai hankali ya kan yi wa gidansa tanadi.

CUTAR DA KE CIKIN RUWAN TABKI

Ruwan da ya gudana a ƙasa ya kwashi kashin mutane da na dabbobi. A cikinsa akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke kawo amai da gudawa, da atini, da zazzaɓin taifot, da wani irin ciwon shawara. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, jiharmu ta Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda suka sha wuya.

Akwai kuma tsargiya, watau fitsarin jini. Ita ba sai an sha ruwan ba. Tsutsarta tana fitowa daga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke zaune a tabki da bakin gulbi, ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Mutanen da ke kusa da Gulbin Zamfara da fadamunsa su kula da wannan.

Kada ku ce ba yadda za a yi. Manya sun tuna kurkunu, wanda ke kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙasar nan. Aka koya wa mutane tace ruwa da tsare tabki. Mutum na ƙarshe da ya kamu da shi a Nijeriya a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ya ƙare. Ba allura ce ta kashe kurkunu ba, gyaran ruwan sha ne.

RUWA NAWA KE SAUKA A KAN ƊAKINKU?

A ƙasarmu a kan yi ruwa daga Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Wata shekara ya yi yawa, wata ya yi kaɗan, amma bari mu yi lissafi da milimita 700.

Ga ƙa'idar: milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, lita 1 ke nan.

To, ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Biyar sau huɗu 20. Ashirin sau 700, lita 14,000 ke nan a shekara. A cire kashi ɗaya cikin biyar saboda fallatsa da yoyo da ruwan farko da za a zubar, saura lita 11,200. Watau jarka 448 mai lita 25, ko duro 56 mai lita 200. Daga ɗaki guda ke nan. Kun san kuɗin jarka a garinku cikin watan Afrilu. Ku yi sauran lissafin da kanku.

Ko ruwan dare ɗaya mai ƙarfi, na milimita 25, ya isa ya cika duro biyu daga wannan ɗaki. Ashe ba ruwa muka rasa ba, mazubi muka rasa.

GYARAN RUFI

Rufin kwano shi ya fi kyau ga ruwan sha. Kafin ruwa ya sauka, a watan Afrilu ko Mayu, mai gida ya yi waɗannan abubuwa:

1. Ya hau ya share ƙurar hunturu da ganye da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru.
2. Ya sare reshen dogon yaro ko wani itace da ya rufe kan ɗaki, domin nan tsuntsaye da jemagu ke kwana.
3. Ya toshe huda, ya buga ƙusar da ta ɗaga, ya sake fallen da ya ruɓe.
4. Ya hana shanya kaya da jefa tarkace a kan ɗakin. Tsohon batir musamman guba ne.
5. In an shafa wa kwanon tsohon fenti wanda ba a san irinsa ba, kada a sha ruwansa, domin waɗansu fenti suna da dalma. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum sun ga abin da dalma ta yi wa yara a 2010, sa'ad da ɗaruruwa suka mutu saboda ƙurar dutsen zinariya.

Ruwan da ya sauko daga soro ko daga ɗakin ciyawa shi ma kada a bar shi ya ɓata. Amma ya kan zo da laka da launi, saboda haka a tara shi dabam, don wanki da gini da shayar da dabbobi da ban ruwan zogale.

INDARARO DA RUWAN FARKO

A bakin kwano a ɗaura doguwar indararo wadda za ta tare ruwan duka. Maƙeri zai iya lanƙwasa fallen kwano ya yi ta, ko kuwa a sami bututun roba mai faɗin inci 4 a tsaga shi biyu a tsawonsa. A ɗaure ta da waya sosai domin iskar farkon damina. A karkata ta kaɗan wajen mazubi, kamar kaurin yatsa ɗaya a kowane mita. In ba a karkata ta ba, ruwa zai kwanta a ciki, sauro ya yi ƙwai.

A bakin da ruwa ke shiga mazubi a sa ragar waya mai ƙananan ido, irin ta taga. Kada a yanka gidan sauro don wannan aiki. Akwai magani a jikinsa, wurinsa kuma kan gadon yara ne.

Yanzu ga abin da ya fi kome muhimmanci. Ruwan farko na shekara wankin rufi ne, ba na sha ba ne. A kau da bakin bututu daga mazubi a bar shi ya zuba. Haka kuma duk sa'ad da aka yi kwanaki ba ruwa, in ya dawo a bar jarka ɗaya ko biyu ta fara zuba daga kowane ɗaki, sai an ga ruwan ya yi fari a cikin kofi, sa'an nan a mai da bututu. Wannan aiki yaro mai wayo ma zai iya, in an nuna masa sau ɗaya.

MAZUBI

Kowa ya fara da abin da ya ke da shi: randa, tulu, jarka, duro. Wanda ya sami hali ya sayi tankin roba, ko ya sa magini ya gina masa na bulo da siminti, a shafe cikinsa sumul.

Mutum yana bukatar kamar lita 20 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Babu tankin gida da zai ɗauki wannan har rani ya fita. Dabara ita ce a ware ruwan sama don sha da girki kaɗai, kamar lita 5 ga kowane mutum. Gida mai mutum takwas zai ci lita 40 a rana. Tanki mai lita 1,000 zai kai su kwana 25. Mai lita 5,000 zai kai su kwana 125, watau wata huɗu. In an cika shi a Satumba aka kulle, aka ci gaba da rijiya muddin tana da ruwa, sa'an nan aka buɗe shi a Fabrairu, zai fid da gidan daga bazara. In kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gida uku ko huɗu su haɗa, ko a yi adashi bayan kaka.

Ku kiyaye waɗannan:

Kada a zuba ruwan sha cikin duro ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko maganin ciyawa, ko mai. Wanki ba ya fid da gubar.

Kowane mazubi ya kasance da murfi mai kamawa. Murfi yana hana sauro da ƙura da ɓera. Yana kuma hana abin da ya fi su muni: ƙaramin yaro ya kan leƙa duro ya faɗa da ka, ba mai jin kukansa.

Tanki ya zama baƙi ko mai duhu, a inuwa, domin in haske ya shiga gansakuka za ta fito.

A gina masa dakali mai ƙarfi a daidaitacciyar ƙasa. Lita 1,000 nauyinta ya kai buhun siminti 20.

A yi masa hanyar da ruwa zai bi in ya cika, a kai shi gindin itace ko lambu, nesa da gindin bango. Katanga da yawa ta faɗi saboda ruwan da ke zuba a gindinta.

Tankin da aka haƙa a ƙasa ya yi nesa da salga da turken dabbobi, kamar rijiya, aƙalla mita 30.

Sau ɗaya a shekara, kafin damina, a juye sauran ruwa a wanke cikin mazubi.

DAGA TANKI ZUWA BAKI

Uwar gida, nan aikinki ne. Ruwa ya kan fito daga tanki da tsabta ya ɓaci a randa. A wanke randa kowane kwana biyu ko uku, a rufe ta da faifai mai tsabta ko murfi. A ajiye moɗa guda mai mariƙi don ɗiba kaɗai, a rataye ta, a zuba a wani kofi a sha. Hannun yaro kada ya shiga randa.

Ruwan sama ya fi na tabki nesa, amma kashin tsuntsu guda ya isa ya ɓata shi. Saboda haka ruwan da jarirai da ƙananan yara da marasa lafiya za su sha, da na kowa in ana annoba, a yi masa ɗaya daga cikin ukun nan:

A tafasa shi har ya yi ta ɓulɓula na minti ɗaya, a bar shi ya huce a rufe.

Ko a sa ƙwayar kulorin yadda aka rubuta a takardarta, a jira rabin sa'a.

Ko a cika farar gorar roba mai tsabta, wadda a ke ganin cikinta, a kwantar da ita a rana sa'a shida. In da hadari, kwana biyu.

In tilas ta sa an ɗebo ruwa mai laka, a tace da ƙyalle, a sa alam ko dakakken ƙwayar zogale ya kwanta. Amma ku sani, alam yana kwantar da laka ne, ba ya kashe cuta. Bayan ya kwanta sai an tafasa ko an sa kulorin.

In yaro ya fara gudawa, a dama fakitin gishiri da sukari na asibiti cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan, a ci gaba da ba shi nono, a kawo shi wurinmu ran nan. Kada a jira gobe.

GONA MA TANA DA ƘISHIRWA

Wani zai ce, ina ruwan ma'aikacin asibiti da gona? Ga dalili. Yaron da rumbun gidansu ya ƙare tun kafin Agusta shi ne tamowa ke kamawa, shi ne kuma gudawa ke kayarwa da sauri. Har wa yau, ruwan da ya nutse a gona shi ne ke komawa rijiya da rani.

Ruwan dare ɗaya na milimita 25 a kan hekta guda jarka 10,000 ne. In gonar ta zama faƙo, yawancinsa ya kan gudu, ya kwashe taki da ƙasa mai kyau, ya yanka kwazazzabo. Aikin manomi shi ne ya sa ruwan ya tsaya inda ya sauka.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga mu wannan aiki. A 1989 waɗansu manoma na ƙasar Illela ta jihar Tawa suka je Yatenga a Burkina Faso, inda wani manomi, Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna wajen raya mataccen fili da 'yan ramuka. Suka dawo suka gwada, suna kiran ramukan tassa. Faƙon da aka yar ya koma gonar gero da dawa, har mutane suka riƙa sayensa.

Tassa. Da rani a haƙa rami, faɗinsa taƙi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zurfinsa kamar taƙi ɗaya. Tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangare, domin ta tare ruwa. Layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layi na fari, yadda ruwan da ya kuɓuce wa wannan zai faɗa wancan. A zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya bi hudar ya nutse. In ruwa ya sauka sosai a shuka gero ko dawa a ciki. Tassa ta faƙo ce. Ba ta da amfani a jigawa mai laushi, domin rairayi zai cike ta, ko a fadama inda ruwa ke kwanciya.

Rabin wata. Wannan babban rami ne marar zurfi, siffar jinjirin wata, faɗinsa kamar taku huɗu. Bakinsa ya dubi inda ruwa ke gangarowa, kunyarsa tana ƙasa. Ya dace da hatsi da ciyawar dabbobi da dashen itace.

Jerin duwatsu. Inda akwai dutse ko marmara, a jera su a gicciye, kada a bi gangare. Ruwa zai rage gudu, ƙasar da ya ɗauko ta kwanta a bayansu. Inda babu dutse a dasa gamba. Huɗa ma a yi ta a gicciye.

Kwazazzabo. A fara toshe shi daga kansa, tun yana ƙarami, da duwatsu da buhunan ƙasa. Wanda ya fara daga ƙasa, ruwa zai kwashe aikinsa.

Itatuwa. Wajen sassabe kada a tumɓuke kowane toho. A ƙasar Maraɗi tun 1983 manoma suka koyi zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture su bar su, su sare saura, har gonakinsu suka sake yin itatuwa ba tare da dashe ba. A bar gawo musamman. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

Wani zai tambaya ko ramukan nan ba za su tara sauro ba. Sauro yana bukatar ruwa ya kwanta kamar mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi. Ruwan tassa ya kan nutse cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin tsoro shi ne kwatami da fasasshen tulu da tsohuwar taya da ke cikin gida.

Aikin tassa yana da wuya, ba a ɓoye muku ba. Kada mutum ya ce zai gama gonarsa a shekara guda. Ya ɗauki yanki kaɗan bana, ya gwada amfaninsa da na sauran gonar, baɗi ya ƙara. In an yi gayya, abin ya fi sauƙi. Malamin gona na yankinku zai nuna muku yadda a ke gane gangare.

AIKIN KOWANE LOKACI

Janairu zuwa Maris: haƙa tassa, jera duwatsu, kai taki.
Afrilu da Mayu: share rufi, ɗaura indararo, wanke mazubi.
Yuni: zubar da ruwan farko, fara tara na sha.
Yuli da Agusta: sha daga tanki, duba raga da murfi kowane mako.
Satumba: cika kowane mazubi a rufe.
Bayan kaka: ware kuɗin ƙarin duro ko tanki.

TAMBAYOYI

1. Ɗakinku mita nawa ne tsawo da faɗi? Jarka nawa zai ba ku a shekara?
2. Don me ba a shan ruwan farko?
3. Wane irin duro ne ba a zuba ruwan sha a cikinsa?
4. Alam yana kashe ƙwayoyin cuta?
5. A wace irin ƙasa a ke yin tassa, a wace iri kuma ba a yi?

Mutanen Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da na Kuchi da Margai da Girkau, da sauran garuruwanmu, wanda bai gane wani abu ba ya zo ɗakin shan magani mafi kusa ya tambaya. Ba a biyan kome don tambaya. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana lafiya.